Kwana 180 da suka zama wata 17: nazarin dakatar da wani ɗan Majalisar Wakilai daga Kano

Lamarin da za a duba a nan na Abdulmumin Jibrin ne, ɗan Majalisar Wakilai daga kudancin jihar Kano, mai wakiltar ƙananan hukumomi biyu, wanda abokan aikinsa suka dakatar a watan Satumba na 2016 bayan ya zargi shugabannin majalisar da yin cushe a kasafin kuɗin ƙasa. Abu biyu ya nema a tsawon rikicin. Na farko, a binciki waɗanda ya zarga, a kuma gyara yadda majalisa ke sarrafa kasafi. Na biyu, wanda ya taso daga baya, a mayar masa da kujerarsa.

## Asali: 2011 zuwa 2015

Ya shiga majalisa a 2011 a inuwar PDP, yana da shekara 30 da 'yan kai. Duk da sabon shiga ne, aka damƙa masa kwamitin harkokin kuɗi a majalisar da Aminu Waziri Tambuwal ya jagoranta. A kan wannan kujera aka fara gane inda ya sa gaba: a ganinsa majalisa ce ke da ta cewa kan kuɗin ƙasa, ministoci kuwa dole su zo su yi bayani. A Disambar 2013 kwamitinsa ya miƙa wa ministar kuɗi, Ngozi Okonjo-Iweala, tambayoyi 50 kan halin da tattalin arziki ke ciki, zaman da ya tashi baram-baram a gaban 'yan jarida. Da guguwar sauya sheƙa ta kwashi gwamnoni biyar daga PDP, har da na Kano, shi ma ya koma APC, ya kuma sake cin zaɓe a 2015.

Ranar 9 ga Yuni 2015 aka yi zaɓen kakakin majalisa. Uwar jam'iyyar APC ta tsayar da Femi Gbajabiamila, amma wasu 'ya'yanta suka haɗa kai da 'yan PDP suka mara wa Yakubu Dogara baya, ya yi nasara da ƙuri'a 182, abokin karawarsa na da 174. Ɗan majalisar da muke magana a kai shi ne ya tashi a zauren ya gabatar da sunan wanda ya ci. Da aka zo rabon kwamitoci, ya samu kwamitin kasafin kuɗi, wanda duk majalisar ba kwamitin da aka fi rububinsa.

## Kasafin 2016: Disamba 2015 zuwa Mayu 2016

Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar da kasafinsa na farko ranar 22 ga Disamba 2015, na naira tiriliyan 6.08. An gina shi a kan gangar mai dala 38, ganga miliyan 2.2 a kullum, da canji na naira 197 a dala ɗaya. Kafin wata guda ya cika farashin mai ya faɗo ƙasa da dala 30. Kasafin kansa bai zo da sa'a ba: a Janairu aka yi ta taƙaddama a Majalisar Dattawa kan cewa kundin ya ɓata ko an musanya shi, a Fabrairu ministan lafiya ya ce alƙaluman da ke gaban kwamiti ba su ne ma'aikatarsa ta aika ba, sannan aka sauke shugaban ofishin kasafi na tarayya. Wato tun kafin a fara nuna 'yan majalisa da yatsa, ma'aikatan gwamnati aka fara zargi.

Sai an san yadda kasafi ke bi ta cikin majalisa kafin a gane rikicin. Kowace ma'aikata da hukuma takan je gaban kwamitin da ke sa mata ido ta kare abin da aka ware mata. Kwamitin ya rage nan, ya ƙara can, ya aika rahotonsa ga kwamitin kasafi, shi kuma ya harhaɗa komai ya kawo zaure. A zaure jimillar kuɗi ake kaɗa wa ƙuri'a. Cikakken bayanin, mai shafi sama da dubu, inda aka rubuta rijiyar burtsatse a ƙauye kaza da fitilun kan titi a unguwa kaza, mutane ƙalilan ne ke ganinsa kafin ya tafi fadar shugaban ƙasa. Ban da wannan, a lokacin akwai naira biliyan 100 da ake warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ba a ba shi kuɗin a hannu. Shi ne dai ke zaɓar aikin da kuma hukumar da za a saka shi a ƙarƙashinta, shi ya sa za ka tarar da kwalejin binciken aikin gona tana da kwangilar rabon babura ko keken ɗinki a wata jihar da ba ta da ko ofis.

Majalisa ta amince da naira tiriliyan 6.06 ranar 23 ga Maris 2016. Buhari ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga cikakken bayanin. Da ya gani, ɓangaren zartarwa ya ce an zare manyan ayyuka, ciki har da layin dogo na Legas zuwa Kalaba, an cusa ƙanana. Shugaban kwamitin kasafi shi ne a sahun gaba wajen kare majalisa. Ya ce layin dogon bai taɓa shiga kundin da shugaban ƙasa ya gabatar ba, ministan sufuri ne ya kawo shi daga baya, kuma majalisa na da ikon sauya duk abin da aka kawo mata. A cikin gida kuma wasu takwarorinsa sun fara guna-guni, suna cewa ya karkatar da ayyukan sama da naira biliyan 4 zuwa mazaɓarsa ya bar su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka zauna aka daidaita da fadar shugaban ƙasa, Buhari ya sa hannu ranar 6 ga Mayu 2016.

## Yuli 2016: saukewa da fallasa

Ranar 20 ga Yuli, majalisa na shirin tafiya dogon hutu, kakaki ya sanar cewa shugaban kwamitin kasafi ya bar kujerarsa, aka naɗa wani ɗan majalisa daga Kano a madadinsa. Shi ya ce murabus ya yi don kansa. Shugabannin suka ce dama sun riga sun yanke shawarar cire shi saboda koke-koken 'yan majalisa.

Washegari ya fara magana. A cikin sanarwowi da saƙonnin Twitter da suka riƙa fitowa kusan kullum, ya zargi mutum huɗu, wato kakaki, mataimakinsa, mai tsawatarwa da shugaban marasa rinjaye, da ware wa kansu naira biliyan 40 daga cikin biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Ya kuma ce shugabannin kwamitoci kusan 10 sun cusa ayyuka wajen 2,000 da kuɗinsu ya kai naira biliyan 284. Ya ce an sa shi a gaba ne don ya ƙi ba da haɗin kai. Dukkan waɗanda ya ambata sun musanta. Amsarsu iri biyu ce: cewa shi ne ya yi aringizon da ya sa aka sauke shi, da kuma cewa abin da yake kira cushe aikin majalisa ne da kundin tsarin mulki ya ba ta. A farkon Agusta, bayan ganawa da shugaban ƙasa, kakakin ya shaida wa 'yan jarida cewa a dokokin Najeriya bai san wani laifi mai suna cushe ba.

Maganar ta harzuƙa jama'a, amma tana da inda ta jingina. Sashe na 81 na kundin 1999 ya ce shugaban ƙasa ne zai shirya kiyasin kuɗin shiga da na kashewa ya ajiye a gaban majalisa. Sashe na 80 kuma ya ce ba za a fitar da ko kwabo daga baitulmali ba sai ta hanyar da majalisa ta tsara. Kundin bai fayyace ko majalisa na iya ƙirƙiro sabon aikin da shugaban ƙasa bai kawo ba. Kowane ɓangare ya riƙe sashen da ya yi masa daɗi.

## Agusta zuwa tsakiyar Satumba 2016: ƙofofin da ya ƙwanƙwasa

Ya kai takardun koke ga EFCC da ICPC da 'yan sanda da hukumar tsaro ta farin kaya, ya kuma je ya ba da bayani. An buɗe bincike, amma ba a kai ga gurfanar da ko ɗaya daga cikin shugabannin huɗu a kotu kan zargin ba.

Ya nemi jam'iyyarsa ta shiga. Hedikwatar APC ta kira shi, ta saurare shi, sannan ta umarci kowa ya yi shiru har a sasanta. Ya ɗan tsahirta, da ya ga sulhun bai motsa ba ya ci gaba da magana. Ya nemi a kira majalisa daga hutu don kakaki ya sauka a yi bincike, ba a kira ba. A cikin majalisar wasu 'yan majalisa sun haɗu a rukuni suna neman a bar hukumomin waje su yi bincike, sai dai sun yi ta nanata cewa binciken ya haɗa da shi kansa.

Daga nan ya faɗaɗa fagen. Ya taɓo kuɗin gudanar da ofis da kowane ɗan majalisa ke karɓa, ya ce ana kashe su ba bisa ƙa'ida ba, ya nemi a mayar. Zargin farko ya shafi mutum goma sha wani abu ne. Wannan kuwa ya shafi duka kujeru 360.

## 21 zuwa 28 ga Satumba 2016: dakatarwa

Da aka dawo hutu, ranar 21 ga Satumba 'yan majalisa da dama suka shigo zaure rataye da korayen mayafai a wuya, ɗauke da rubutun goyon bayan kakaki. Aka gabatar da ƙudurin cewa ya zubar da mutuncin majalisa da na mambobinta, aka miƙa wa kwamitin ɗa'a, aka ba shi mako guda. Abin lura shi ne tambayar da aka ba kwamitin. Ba a ce ya gano ko an yi cushe ba. An ce ya gano ko maganganun ɗan majalisar sun keta alfarmar majalisa. Ya ƙi bayyana a gaban kwamitin, ya ce ba ya sa ran adalci daga waɗanda yake zargin shugabanninsu.

Ranar 28 ga Satumba zaure ya amince da rahoton ta ƙuri'ar murya. Hukuncin kashi uku ne: dakatarwa ta kwanakin zaman majalisa 180, haramcin riƙe wani muƙami har ƙarshen wa'adin majalisar ta 8, da wasiƙar neman afuwa kafin ya dawo. Aka garƙame ofishinsa.

Kwana 180 a kunnen mai sauraren rediyo wata shida ne. A lissafin majalisa ba haka ba ne. Zaure na zama ne Talata, Laraba da Alhamis, ga hutun Sallah biyu, ga na Kirsimeti da na Ista, ga dogon hutun da ke farawa a ƙarshen Yuli. Sashe na 63 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace majalisa zaman kwana 181 ne a shekara, don haka ko a takarda hukuncin ya cinye shekara guda saura kwana ɗaya. A aikace ya zarce haka.

## Oktoba 2016 zuwa ƙarshen 2017: kotu da jira

Ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, Femi Falana na jagorantar lauyoyinsa. Hujjarsu ita ce ba a yi masa adalcin sauraro ba, an hukunta shi kan faɗin albarkacin baki, kuma an bar mazaɓa guda ba wakili. Majalisa ta dogara da sashe na 60, wanda ya ba ta ikon tsara harkokinta na cikin gida, tana ganin kotu ba ta da hurumi. Aka shiga ɗage-ɗagen zama.

A wannan tsakani aka gabatar da kasafin 2017 ranar 14 ga Disamba 2016, aka yi zaman kwamitoci, aka sa masa hannu ranar 12 ga Yuni 2017, duk ba shi. Kasafin 2018 ma, da aka kawo ranar 7 ga Nuwamba 2017, an yi nisa da aikinsa kafin ya dawo. Mutanen ƙananan hukumomin biyu ba su da mai tashi a zaure ya kawo ƙudurin gaggawa in ambaliya ta ci gari ko gada ta karye, ba su da mai zama a kwamiti ya tambayi minista me ya tsayar da hanyarsu.

Shari'arsa ba ta motsa ba, amma wasu shari'u biyu sun share mata hanya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Rifkatu Danna, 'yar majalisar dokokin Bauchi mai wakiltar Bogoro, wadda aka dakatar tun 2012 bayan ta ƙi amincewa da ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa. Kotun ta ce ɗan majalisa ba ma'aikacin majalisa ba ne da za ta sallama yadda ta so, mazaɓarsa ce ta aiko shi, kuma hana shi zama tauye haƙƙin mazaɓar ne. A Nuwambar 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya ta soke dakatarwar wata shida da Majalisar Dattawa ta yi wa Sanata Ali Ndume a watan Maris.

## Maris da Mayu 2018: dawowa, sannan hukunci

Ranar 13 ga Maris 2018 kakaki ya sanar a zaure cewa ya karɓi wasiƙa daga ɗan majalisar, ya nemi afuwa, ya cika sharuɗɗa, yana iya komawa bakin aiki. Wata 17 da rabi ke nan da dakatarwar, cikin wa'adin wata 48.

Ranar 24 ga Mayu 2018 Mai Shari'a John Tsoho ya yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa kundin tsarin mulki, ya soke ta, ya ba da umarnin a biya shi albashi da alawus na duk tsawon lokacin. Mako biyu kafin nan wani alƙalin kotun ya soke dakatarwar kwana 90 da aka yi wa Sanata Ovie Omo-Agege, yana mai nuni da cewa dokokin majalisar kwana 14 suka yarda da shi.

Wata guda bayan haka, ranar 20 ga Yuni, Buhari ya sa hannu a kasafin 2018 yana ƙorafin cewa majalisa ta zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ya kawo, ta saka nata guda 6,403 na naira biliyan 578.

## Bayan rikicin: 2019 zuwa 2025

Ya sake cin zaɓe a 2019, ya zama daraktan yaƙin neman zaɓen Gbajabiamila, mutumin da ya taimaka aka kayar shekara huɗu baya, wannan karon kuma aka yi nasara. Daɗin bai daɗe ba. A Nuwambar 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓensa, a zaɓen da aka sake a Janairun 2020 ya sha kaye a hannun ɗan takarar PDP da tazara mai yawa, a lokacin da yake takun saƙa da wasu jagororin APC na jiharsa. Ya yi aiki a hukumar gidaje ta tarayya, ya koma NNPP a 2022, ya karɓe kujerar a 2023. A ƙarshen 2024 ya fito fili ya kare ƙudurorin gyaran haraji na Shugaba Bola Tinubu, a daidai lokacin da gwamnonin Arewa ke adawa da su. A 2025 reshen NNPP na Kano ya sanar da korarsa, ya koma APC.

A gefen kasafi, abin da ya sauya ya zo ne daga wajen majalisa. A 2019 ICPC ta kafa rukunin bin diddigin ayyukan mazaɓu, jami'anta suka riƙa zuwa ƙauyuka suna neman asibitin da aka biya kuɗinsa da taraktocin da aka ce an raba, aka tilasta wa 'yan kwangila komawa ayyukan da suka yasar. A Nuwambar shekarar Buhari ya ce an ware naira tiriliyan 1 ga ayyukan mazaɓu cikin shekara 10 ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Duk da haka, da ya zo sa hannu a kasafin 2022 sai ga shi yana ƙirga sababbin ayyuka 6,576 da majalisa ta saka.

## Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Buƙatarsa ta farko ta faɗi, kuma a ganina dalilin da ya fi nauyi shi ne lokacin da ya zaɓa. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da takardun ke kan teburinsa kuma shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, kare majalisa ya yi. Bai buɗe baki ba sai kwana ɗaya bayan ya rasa kujera. Wannan bai mayar da zarginsa ƙarya ba, domin wanda ya yi girki shi ya san abin da aka zuba a tukunya. Amma ya ba abokan hamayyarsa amsa mai sauƙi, wato ɗacin rai ne, ya kuma sa masu son a yi bincike suka ƙi tsayawa kusa da shi.

Na biyu, ya kai wa hukumomin yaƙi da rashawa abin da doka ba ta kira laifi ƙarara ba. Saka aiki a kasafi, komai rashin dacewarsa, yana zama doka da zarar shugaban ƙasa ya sa hannu. Abin da ake iya kama mutum da shi yana gaba: wa aka ba kwangilar, nawa aka biya, ina aikin. Nan ne ICPC ta dosa a 2019, nan ne kuma aka ɗan ga sakamako. Taɓo kuɗin ofis kuwa, ko da gaskiya ya faɗa, kuskuren lissafi ne ga wanda makomarsa ke hannun ƙuri'ar waɗanda ya taɓo. Ƙin zuwa gaban kwamitin ɗa'a ma ya bar rahoto da murya ɗaya, ko da yake da wuya a ce zuwansa zai sauya hukuncin da mayafan wuya suka riga suka bayyana.

Buƙata ta biyu ya samu, amma wasiƙa ce ta buɗe masa ofis, ba kotu ba. Hukuncin Tsoho ya iso bayan kusan wata 20, mutumin na zaune a kujerarsa. Ya dawo masa da kuɗinsa, ya wanke shi ta fuskar doka, ya kuma ƙara wa shari'un da ke cewa majalisa ba ta da ikon korar wakilin jama'a na dogon lokaci. Ga mazaɓar kuwa ihu ne bayan hari, don ba umarnin kotun da zai maimaita zaman kasafi biyu. Majalisa ta gane cewa in dai shari'a za ta ɗauki shekara ɗaya da rabi, to ko an soke hukuncinta daga baya ta riga ta cimma abin da take so, kuma ba wanda zai biya tara daga aljihunsa.

Shi ya sa hukunce-hukuncen ba su hana a sake ba. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa akwai sama da naira tiriliyan 3 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su a kai ba. Ranar 12 ga watan Majalisar Dattawa ta dakatar da shi na wata uku, ya kuma ajiye shugabancin ƙungiyar sanatocin Arewa. An dawo da shi ranar 28 ga Mayu, saura mako biyu wa'adin ya cika, bayan shugaban marasa rinjaye ya tashi a zaure ya roƙa masa afuwa.